Baƙin Layin Fotokofi

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta shekarar 2000 ba, kuma ko na so in manta mutanen Agege ba za su bari ba. Har yau in na ratsa kasuwar goro sai wani ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Malam Meson, ya aiki?" Yawancin masu kirana da sunan ba su san asalinsa ba. Wasu ma suna zaton sunan kakana ne. Ni kuwa na san inda na samo shi, kuma duk lokacin da na ji shi sai in daure in ce, "Aiki da godiya."

A Agege aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakana soja ne na zamanin Turawa, da aka sallame shi a Legas bai koma Arewa ba. Baba fataucin goro ya tashi a ciki, yana saye a hannun manoman Yarabawa, a tsince, a ɗaure huhu a loda zuwa Kano da Sakkwato. Ni kaɗai ne a gidan na yi nisa a boko, har na kai ga digiri na biyu a fannin fiziks a wata jami'a a nan Legas (ba zan faɗi sunanta ba, domin ba ita ta yi abin kunyar ba, ni na yi). Ranar da zan fara, Baba ya zaunar da ni a rumfarsa ya ce, "Shekara biyu na ba ka. In bokon ya buɗe maka ƙofa ka shiga, ba zan tare ka ba. In bai buɗe ba, ga rumfa tana jiranka." Baba ba ya maimaita magana, ni ma ban nemi ya maimaita ba.

To mene ne meson? Wata ƙwayar halitta ce da ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta daɗewa. Tana samuwa sai ta tarwatse ta koma wasu ƙwayoyin, tun kafin mutum ya ƙifta ido. Akwai hanyoyin da ta saba tarwatsewa, akwai kuma hanyoyin da sai an sha wuya ake gani. Wadda nake aiki a kanta ana ce mata kayon, kuma akwai wata irin tarwatsewa tata da masana suka lissafa cewa sau ɗaya take faruwa a cikin kusan biliyan goma. Mu masu alƙalami da takarda aikinmu shi ne mu faɗi adadin tun kafin masu inji su gwada.

Na taɓa ƙoƙarin yi wa Baba bayani. Na ɗauki goro na fasa, na ce, "Baba, ka ga wannan gida biyu ya rabu, kamar yadda ya saba. Ka ɗauka a cikin irinsa biliyan goma akwai guda ɗaya tak da zai rabu gida uku."

Ya ce, "Wa ya zauna ya fasa biliyan goma?"

Na ce, "Turawa suna da inji."

"To kai mene ne naka a ciki?"

"Ni nake gaya musu nawa za su samu tun kafin su fasa."

Ya karɓi ɓarin goron ya jefa a baki. Ya ce, "Ashe duba na tura ka koyo."

Aikin da aka ba ni ba babba ba ne. An riga an yi babban lissafin tun da daɗewa. Ni an ce ne in lissafa wani ɗan ƙari da ake zaton bai taka kara ya karya ba, in tabbatar cewa lallai ƙarami ne. Malamin da ke duba aikina, wanda kowa ke kira Dakta, Bayarabe ne mai haƙuri, amma ba ainihin fanninsa ba ne, ga ɗalibai sun yi masa yawa. Ya buɗe durowa ya miƙo mini fotokofin wata maƙala daga wata mujallar kimiyya, ya ce a kanta zan ɗora.

Nan ne fa. Wanda ya san mujallun laburare ya san yadda ake ɗinke na shekara guda a littafi ɗaya mai kaurin bulo. In aka kifa irin wannan a kan injin fotokofi, tsakiyarsa wajen ɗinki ba ya kwanciya, sai ya fito da baƙin layi daga sama har ƙasa. Takardar da Dakta ya ba ni kwafin kwafi ce, don haka baƙin ya ƙara faɗi. A shafi na uku akwai wani dogon lissafi, wanda duk aikina ya rataya a kansa, kuma wutsiyarsa ta shige cikin baƙin nan.

Na gani. Wannan ne abin da ba na iya yafe wa kaina. Ba wai ban lura ba ne. Na ɗaga takardar a rana, na karkata ta, na ce a raina ai waƙafi ne kawai a ƙarƙashi. Asalin littafin kuwa yana laburarenmu, bene na huɗu. Lif ɗin ya mutu tun kafin in shiga jami'ar, sashen mujallu kuma da safe kawai ake buɗewa, ni kuwa daga Agege nake tasowa, kafin danfo, bas ɗin hayar Legas, ya fitar da ni daga gosulo rana ta take. Na ce wata rana zan hau.

Wata bakwai na yi ina lissafi. Da na kammala sai ga ɗan ƙarin nan da aka ce ƙarami ne ya fito ya ninka babban lissafin kusan sau dubu. Mutum mai hankali da ya ga haka zai ce, na yi kuskure. Ni kuwa na ce, Turawa sun yi kuskure. Na tashi na zaga ɗakin sau biyu, na dubi fuskata a madubi, na ga ta fara kama da ta manyan masana.

Dakta ya duba lambar ya cire tabarau. Ya ce, "Wannan ya yi yawa. Je ka sake dubawa." Na sake, ya fito daidai. Ya ce in sake. Sau uku ina sakewa, sau uku yana fitowa daidai, domin kowane karo daga takarda ɗaya nake farawa. Abokiyar karatuna Bisi, wadda muke tebur ɗaya da ita, ta ga takardar wata rana ta sa yatsa a kan baƙin. Ta ce, "Mene ne a nan ƙarƙashi?"

Na ce, "Waƙafi."

Ta ce, "Ka gani da idonka, abi? Oya, to, gobe da safe mu hau mu duba, ni ma ina da abin da zan nema."

Na yi mata wata dariya da har yau nake jin kunyarta. Na ce ni da na gano abin da ya gagari manya, ba zan hau bene huɗu saboda waƙafi ba. (Gaskiyar da ban gaya mata ba, ban ma gaya wa kaina ba a lokacin, ita ce tsoro nake ji. Muddin ban hau ba, ni mai babban bincike ne.)

Ana cikin haka sai labari ya zo. Soja sun koma bariki, waɗanda suka gudu waje sun fara leƙowa gida. Cikinsu akwai wani Farfesa, ɗan ƙasar nan, wanda ya yi shekaru a Turai yana aiki a kan meson ɗin nan dai. Zai zo sashenmu, zai saurari ni da Bisi, kuma yana da gurbi ɗaya na digiri na uku da zai tafi da mutum ɗaya. Shekaruna biyu saura wata biyu su cika. Ƙofar da Baba ya faɗa ke nan, kuma ban ga wata a bayanta ba.

Da na yi shiru da bakina, da abin ya tsaya a cikin aji. Amma ina. Na gaya wa mai shayin layinmu. Na gaya wa masu ɗaurin huhu. Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci ina yi wa dattawa bayanin kayon da hannu biyu, ina cewa lissafin da Turawa suka yi shekara da shekaru a kansa wani ɗan Agege ya gyara shi. Daga nan sunan Malam Meson ya fito, kuma a lokacin daɗinsa nake ji. Kawuna da ke sayar da dabbobi a kasuwar Alaba Rago ya aiko da rago. Baba, wanda ban taɓa jin ya yabi boko ba, ya ce za a yi walima ranar taron, wato Alhamis ɗin nan. Mahaifiyata ta tambaya ko a jira mu dawo kafin a yanka. Ni da bakina na ce, "A yanka da hantsi. Me za a jira?"

Baba ya ce zai je ya gani. Ya ɗauki shatar danfo, shi da aminansa biyu, kowa da babbar riga. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina ba sa jin Turancin kimiyya, tafin kawai za su gani, shi ma ya isa.

Ɗakin taron ba babba ba ne. Malamai a gaba, ɗalibai a baya, su Baba kuma aka ba su kujeru a layi na biyu don girmamawa, daidai bayan Dakta. Farfesa ɗan siririn mutum ne, da riga mai gajeren hannu, ba ka ce shi ba ne. Bisi ta fara. Ta yi bayanin wata tarwatsewa daban, ta ƙare da cewa abin da ta samu ya yi daidai da abin da aka sani, bambancin kaɗan ne. Na tausaya mata. Wallahi na tausaya mata, har na shirya kalaman da zan rarrashe ta da su.

Sai ni. Na yi magana minti arba'in, murya a sama, ina buga allo da alli. Da na zo kan lambar sai na rubuta ta da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na juyo ina kallon Baba.

Ba wanda ya tafa. Farfesa ya ce, cikin sanyin murya, "Akwai masu inji da suka yi shekaru suna neman wannan tarwatsewar. In lambarka gaskiya ce, da yanzu sun ga ɗaruruwa. Guda ɗaya suka gani. Me za ka ce a kansu?"

Allah ya ba ni dama a nan in ce ban sani ba. Na ce, "Wataƙila injinsu ne ke da matsala."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Farfesa bai yi dariya ba. Ya taso ya karɓi allin daga hannuna, ya rubuta dogon lissafin nan na shafi na uku daga kansa, ba tare da ya dubi komai ba. Ya rubuta har inda nawa ya tsaya, sannan hannunsa ya ci gaba. Wasu 'yan alamomi ya ƙara, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya kewaye su ya ce, "Ina wannan a naka?"

Na dubi allon. Ba sai an gaya mini ba. Abin da ya ƙara lamba ce 'yar mitsitsiya da ake ninka komai da ita, kuma in ta shiga, babban bincikena zai koma ɗan ƙarin da aka ce tun farko.

Ya ce, "Ba ni takardar da ka yi aiki da ita."

Na miƙa. Ya buɗe shafi na uku, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya ɗora yatsa a kan baƙin layin, daidai inda Bisi ta taɓa ɗora nata. Ya ce, "Ka taɓa ganin asalin?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ba ku da shi a ƙasar nan ke nan." Ya faɗi haka ne da tausayi, yana nema mini mafita. Da na yi shiru, da laifin ya koma kan talaucin jami'a, kowa ya girgiza kai a wuce. Amma Dakta yana zaune, Bisi tana zaune, dukansu sun sani.

Na ce, "Muna da shi."

"Yana ina?"

"Sama."

"Sama ina?"

"Bene na huɗu."

Ya ajiye takardar a kan tebur a hankali, ya koma kujerarsa. Abin da ya rage mini a duniya a wannan lokacin shi ne Baba bai fahimci Turancin ba. Ina cikin riƙe wannan sai Dakta ya karkata ga malamin da ke gefensa, ya yi magana da Yarabanci ƙasa-ƙasa. Ya ce sau uku yana cewa a sake dubawa, ashe wata bakwai aka yi ana gini a kan takardar da ba ta cika ba, littafin kuma yana bisa kan mutum, ƙiwuya ta hana shi hawa.

Dakta ya manta, ni ma na manta, cewa mutumin da ke bayansa a Agege aka haife shi, kuma shekara arba'in yana ciniki da manoman goro da harshensu. Baba ya sunkuyo gaba kaɗan, ya amsa da Yarabancin da ya fi na Dakta tsabta. Ya ce, "Na ji, Dakta. Na gode da ka fahimtar da ni."

Ban san yadda aka tashi taron ba. Na dai tuna Farfesa ya tsayar da ni a baranda. Ya ce, "Na bi lissafinka layi-layi, babu kuskure ko ɗaya bayan wancan. Hannunka mai kyau ne. Da ka zo mini da cewa ƙarin ƙarami ne, ba ya canza komai, da na sha wuyar zaɓe tsakaninku." Ya dafa kafaɗata ya wuce. Na fi son da ya zage ni. Bisi ya ɗauka, kuma ta cancanta, ko da yake na yi shekaru kafin bakina ya iya faɗin haka.

A danfo aminan Baba suka mayar da fuska taga suna kallon masu tallar burodi a gosulo kamar ba su taɓa gani ba. Lokacin wayar hannu ba ta shigo ba, babu yadda za a aika gida a ce a dakata. Awa biyu muna tafiya zuwa ga ragon da na ce a yanka.

Tun daga bakin layi muka jiyo ƙamshin suya. Muna sauka mata suka rangaɗa guɗa. An shimfiɗa tabarmi har waje, maƙwabtanmu Yarabawa ma sun zo da nasu kwanukan. Kawu ya taro mu da hannu biyu a buɗe yana cewa, "Yaya? Yaushe ne tafiya Turai?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni. Ya ce, "An gama lafiya. Ku zauna ku ci abinci."

Aka zaunar da ni a tsakiya. Aka kawo mini hanta, wai ta mai walima ce. Kawu ya miƙe ya yi jawabi a kan yadda tun ina ƙarami ya ga alama a goshina. Liman ya yi addu'a Allah ya sa ilimin ya amfani al'umma, na shafa tare da kowa. Na tauna hantar nan ina murmushi, ban taɓa cin abin da ya ƙi wucewa irinta ba. Baba yana gefe yana raba goro, fuskarsa ba ta nuna komai. Kafin Asabar labarin ya gama Agege, domin aminan Baba ma suna jin Yarabanci.

Ranar Litinin na yi sammako na tafi jami'a, na hau benen. Ko minti uku bai ɗauke ni ba. Ma'aikaciyar ta ciro littafin ta kaɗe ƙura ta ajiye mini. Na buɗe shafin, na danna tsakiyar da tafin hannu. Ga su nan, 'yan alamomin da Farfesa ya rubuta, baƙi a kan fari, sun yi shekaru suna zaune. Bayansu kuma, sai ga waƙafina. Akwai shi ɗin, ban yi ƙarya ba. Na gyara lissafin cikin mako biyu, aka ba ni digirin ba yabo ba fallasa, na kawo takardar gida mahaifiyata ta sa a ƙasan akwati.

Baba bai ce mini "ga rumfa" ba. Ranar da shekara biyun suka cika na tashi da asuba na bi shi da kaina. Bai taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya, kuma shirun ya fi mini faɗa ciwo. A makon farko wata mata ta kawo kwandon goro. Na buɗe ganyen na ga manyan farare a jere, masu sheƙi, na ce da masu aiki su shigar. Baba ya taso daga kan bencinsa, ya kama wuyan hannuna, ya cusa shi cikin kwandon har gwiwar hannu. Na damƙo na ƙasa na fito da su. Duk tsutsar sankara ta ci su.

Ya saki hannuna ya ce, "Nan babu bene huɗu. Sunkuyawa kawai za ka yi."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar har ya koma ga Allah. Rumfar a hannuna take yanzu, kuma ana cewa ba a iya cutata a goro, ni ne mai zura hannu har ƙasa ko da kwandon na aminina ne. Bisi takan aiko da gaisuwa, ina jin ɗalibanta ma sun zama malamai. Fotokofin yana nan a durowar rumfa, baƙin layin bai koɗe ba. Abin da na koya dai bai kai darajar abin da na rasa ba, amma ga shi: in aka miƙo mini takarda, gefen da ba ya karantuwa nake fara dubawa, musamman in sauran ya yi mini daɗi.